Bohol ɗinmu a Tumfure ya fara jan iska, mu ƙara zurfi ne ko mu haƙa sabo?

Abban Khalifa, Tumfure

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah masu sani a harkar bohol ina neman shawara, wallahi abin ya fara hana ni barci.

Muna zaune a Tumfure ta hanyar Bauchi, kuma layinmu babu maganar famfo, tun da muka tare a nan, da bohol muke rayuwa. Shekarun farko in aka kunna sumo sai tanki ya cika har ya yi ambaliya ruwa bai yanke ba, har famfo muka fitar ƙofar gida maƙwabta suna ɗiba. To tun bazarar bara abin ya canza, ana kunnawa zai kawo da ƙarfi na ɗan lokaci sai ya fara tari yana feso iska, can sai ya ɗauke gaba ɗaya, dole a kashe a jira sannan a sake kunnawa. Da damina ta sauka ya ɗan farfaɗo amma bai koma yadda yake ba, bana kuwa tun sanyi bai gama fita ba ya soma. Wani lokacin har yashi-yashi nake gani a ƙasan bokiti.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, a masallacinmu bayan sallar isha'i kusan hirar kenan. Da muka zo unguwar nan gonaki ne da filaye, yanzu ko'ina an gine, duk gida mai get da bohol ɗinsa, ga masu piya wata, ga wajen wankin mota, ga masu buga bulo, kowa ƙasa yake zuƙa.

Mutum uku na kira kowa da tasa maganar. Ɗaya ya ce a haƙa sabo mai zurfi sosai, kuɗin da ya yanka min ya kusa sayen fili. Ɗaya ya ce a sauke sumo ƙasa kawai. Na ukun ya ce toshewa ya yi a wanke da kwampreso. Ni ma'aikaci ne ba ni da kuɗin gwaji, in na zuba sau ɗaya shikenan. Wanne ne gaskiya? Kuma abin da na fi so in sani, ruwan ƙasan Gombe ƙarewa yake yi ne? In ƙarewa yake yaranmu me za su sha nan da shekara ashirin?

Mai Injin Haƙa

Wa alaikumus salam Abban Khalifa. Wannan sana'ata ce, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da za ta rage mana ciniki, kar ka ba kowa ko sisi sai an auna ruwan da ke cikin ramin.

A ciro sumo, a bar bohol ɗin ya huta kwana guda, a zura ma'auni a ga a mita nawa ruwan yake tsaye, mita nawa ne ƙarshen ramin, kuma a mita nawa sumo ɗin yake rataye. Sai a mayar a kunna ana aunawa a ga saurin saukar ruwan, a kashe a ga saurin dawowarsa. Wannan awon shi zai raba gardamar mutum ukun nan naka. In akwai ruwa mai yawa a ƙarƙashin sumo to mai cewa a sauke ya yi gaskiya, sai dai kar a kai shi can ƙasa ya zauna a kan laka, kar kuma a ajiye shi daidai bakin skirin, wato ɓangaren fayif mai tsaga-tsaga da ruwa ke shigowa ta ciki, nan ne yake jawo yashi ya cinye kansa. In ruwan yana tsaye a inda yake da can amma in an ja ba ya dawowa da wuri, to toshewa ce, wanki zai taimaka. In kuma ruwan kansa ne ya sauka har ya kusa ƙarshen rami, wanki ba zai yi maka komai ba. Maganar ƙara zurfi a tsohon rami kuwa ka manta da ita, ramin da aka riga aka sa wa kesin na roba, wato fayif ɗin da ke riƙe jikin ramin, aka zuba tsakuwa ba kasafai ake iya komawa cikinsa da inji ba, yawanci fasa kesin ɗin ake yi a yi asarar duka.

Abin da mutane ba su sani ba, ƙasar Gombe ba iri ɗaya ba ce. Yammacin gari, wato ku Tumfure, a bi ta Akko, Kwami, Dukku har a shiga Darazo da Alkaleri a jihar Bauchi, kuna kan shimfiɗar da masana ke kira Kerri-Kerri. Yashi ne da tsakuwa da laka hawa-hawa mai kauri sosai, kuma wajen tudu ne, ruwan sama in ya shiga sai ya yi ta zurarewa ƙasa, shi ya sa ruwan yake can nesa. A yankin nan ba abin mamaki ba ne a wuce mita 150 ana haƙa, wasu wuraren har 200 da ɗoriya. Tarkon da ke ciki shi ne, a hanya kana iya cin karo da ɗan ruwan da ya kwanta a kan wani falalen laka, mai haƙa ya ga ruwa ya ce alhamdulillah an samu, ya tsaya, mai gida ma ya ji daɗi kuɗinsa ya ragu. Wannan ruwan ba shi ne uwar ba, ɗan taruwa ne, gida biyu uku zai riƙe su shekaru, amma in gida talatin suka hau kansa sai ya kasa. Yadda ka kwatanta naka, yana farfaɗowa da damina yana faɗuwa da bazara, zuciyata ta fi karkata ga wannan, amma awo ne zai tabbatar.

In ka gangaro cikin gari ƙasa ta canza, akwai dutsen yashi na Gombe, akwai baƙar lakar Pindiga wadda ba ta ba da ruwan kirki, in ma ta bayar sau da yawa da zartsi. Gabas wajen Kwadon da Dadin Kowa zuwa dutsen Bima ruwa ya fi sauƙi. Garin Bauchi kuma da Kaltungo dutse ne zalla a ƙasa, can da hamar iska ake fasawa, ruwan yana cikin tsagar dutse da ruɓaɓɓen samansa, ko ka dace da tsaga ko ka tashi a tutar babu. Saboda haka wanda ya ce maka "ai ƙanena a Bauchi mita kaza ya yi ya samu" bai taimake ka ba.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce babba. Ruwan ƙasa ba kogi ba ne da ke gudu a can ciki, ruwan sama ne da ya jiƙe cikin yashi shekara da shekaru. Duk unguwarku randa ɗaya ce kowa da moɗarsa, kai katangarka ta tsaya a sama, ruwan bai san ta ba. Duk bohol in yana ja sai ruwan da ke kewaye da shi ya lotsa, in na maƙwabcinka yana nan kusa sai lotsawar ta haɗu, mai gajeren rami shi zai fara jin iska. Kai ka ƙara zurfi, shi ma ya ƙara, mai kuɗi ya wuce ku duka. Ni da nake cin abinci da wannan aikin nake gaya maka, in awo ya nuna sai sabo, kar ka yi shi kai kaɗai. Ku haɗu gida goma ko sha biyar ku yi guda ɗaya mai kyau wanda ya kai uwar ruwan, da awon ƙasa kafin a fara, da sola, da babban tanki a sama, a ja wa kowa fayif.

Kafin nan ka daina barin sumo yana aiki ba ruwa, ƙonewa zai yi. Ka rage bakin bawul ya riƙa ja a hankali.

Maman Hanifa, Bolari

Allah ya saka da alheri Injiniya, na ƙaru sosai. Abban Khalifa Allah ya kawo mafita, amma ina roƙon ku masu bohol in kuna wannan shawarar ku riƙa tunawa da mu da ba mu da shi kuma ba mu da halin yin sa.

Gidanmu na gado akwai rijiya a tsakar gida, kakanmu ya haƙa ta, muna yara da guga muke ja har bazara, yanzu in ba tsakiyar damina ba ko laima babu. Unguwar nan kusan duk tsofaffin rijiyoyi haka suka zama, wasu an cike su da shara. Ranar da famfo ya kawo sai ka ga mata an tashi cikin dare ana tarar ruwa a duro da randa da duk wani abu mai baki, ranar da babu sai 'yan ga-ruwa. Su ma bayin Allah ba laifinsu ba ne, layi suke bi a bohol ɗin 'yan kasuwa su saya sannan su turo kura cikin wannan rana ta watan Afrilu, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 mai bohol ya ce janareta ta yi tsada, ya ƙara, ɗan ga-ruwa ya ƙara, a kanmu abin yake ƙarewa. Mace mai yara shida ta lissafa wanki, wanka, girki, alwala, bayan gida, jarka nawa kenan a rana? Sai ki ga ruwan wankin kaya ana tara shi a yi shara da shi a zuba a masai. Yaran mata kuma su ake tasa wa da sassafe neman ruwa, su isa makaranta an riga an shiga aji.

Abin da ke ƙona min rai shi ne in wuce wani gida in ga tanki yana ambaliya ruwa na bin kwata tun safe ba wanda ya damu ya kashe, ko ana wanke tsakar gida da tiyo kullum. Yanzu da Injiniya ya yi bayani na gane ashe ba ruwansa kaɗai yake zubarwa ba har da namu. Manzon Allah SAW ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Ya kamata malamai su riƙa faɗin wannan a huɗuba kamar yadda suke faɗin sauran haƙƙoƙin maƙwabtaka.

Baffa na Dukku

Ɗana Abban Khalifa, abin da kuka fara gani yanzu mu a cikinsa aka haife mu. Dukku ba ta ɓoyu ba a maganar ruwa, rijiyar hannu ba ta kai wa, iyayenmu da tafki suka rayu, mutum da dabba wuri ɗaya, in tafki ya ƙafe a kama hanyar kogin Gongola ko a jira tanka. Don haka mu tun tuni muka san darajar ruwan indararo.

Ina mamakin mutanen cikin Gombe, a yi gida na miliyoyi da rufin kwano mai faɗi, a bar ruwan damina duka ya bi titi ya tafi kwari. Ku yi lissafi da kanku. Ruwan sama milimita ɗaya a kan rufi mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya lita ɗaya ne cif. Yankinmu a shekara ana samun wajen milimita 800 zuwa 900. Rufin da ya kai mita 10 sau 10 kenan lita 80,000 na sauka a kansa ko fiye, jarka mai lita 25 sama da 3,000. Ba duka za ka kama ba, amma ko rabi ka tara ai ka huta da sumo wata da watanni, ƙasa ma ta huta.

A gina rizabuwa a ƙasa da siminti mai kyau, a rufe ta ruf kar rana ta shiga kar sauro ya samu hanya, murfin kuma mai kwaɗo saboda yara. Ruwan farko da na biyu a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya zube waje, sannan a juya fayif ciki. Wanda za a sha a tafasa ko a sa masa magani. In ta cika ta tumbatsa, rarar a yi mata rami da tsakuwa nesa da masai ta nutse a cikin gidanka. Kuɗin wannan bai kama ƙafar kuɗin sabon bohol a tudunku ba.

Ɗan Pantami

Ni fa ina da ja kaɗan. Duk shawarwarin nan masu kyau ne amma kar mu saba da ɗaukar wa hukuma nauyinta. Garin da yake da dam ɗin Dadin Kowa a ƙasa da kilomita 40 bai kamata a ce kowane magidanci sai ya zama hukumar ruwan kansa ba. Dam ɗin nan tun 1984 aka gama shi a kan Gongola, zamanin gwamna Goje aka yi matatar ruwa aka jawo shi Gombe, an gina ta ne a kan lita miliyan 50 a rana. A lokacin abin ya yi, waɗanda suka san Gombe kafin nan za su ba da labari. Amma ku duba yadda garin ya buɗe tun da ya zama babban birnin jiha a 1996, ƙidayar 2006 ta samu ƙaramar hukumar Gombe da mutum dubu ɗari biyu da sittin da wani abu, bayan nan rikicin Boko Haram ya koro 'yan'uwanmu daga Borno da Yobe da yawa suka zauna, unguwanni suka tsallaka har cikin Akko da Kwami da Yamaltu Deba. Kuma ruwan hawa yake yi, Dadin Kowa tana ƙasa Gombe tana sama, Tumfure ta fi sama, kowace lita sai an tura ta da wuta. Matuƙar ba a faɗaɗa matata da fayif daidai da girman gari ba, mutane ba za su daina huda ƙasa ba, ba don suna so ba.

Sai kuma doka. Yau kowa zai kira inji ya haƙa a inda ya ga dama, ba a rubuta zurfin ba, ba a san lita nawa yake ja ba, mai gida ɗaya da mai kamfanin ruwan leda duk ɗaya. Ya kamata a ce akwai rajista, masu ja don kasuwanci a sa musu mita su biya, a kuma ajiye wasu ramuka a unguwanni don awo kawai a riƙa sanar da jama'a duk shekara ruwa ya sauka ko ya hau.

Maganar Baffa ta tuna min da kwari. Ruwan da ya kamata ya nutse shi ne yake taruwa ya yi ƙarfi ya ci gidajen mutane, dubi irin zaizayar da aka yi fama da ita wajen jami'ar jiha da kwalejin ilimi ta tarayya, FCE. Mun sare itatuwa, mun shafe tsakar gida da siminti da intalok har bakin get, ruwa ba shi da wajen shiga. Dashen itatuwan da aka fara da shirin gwamnatin jiha na Gombe Goes Green (3G) a 2019 abu ne mai kyau, amma kowa ma ya bar ɗan fili a gidansa da ƙasa a buɗe.

Anti Nas, 'yar Kaltungo

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren lafiya nake, kuma ina so in ƙara abu ɗaya da ba a taɓo ba, samun ruwan daban, kyansa daban. Mutanenmu da sun ga ruwan bohol garai-garai sai su ce ai mai tsabta ne.

Mu a Kaltungo an san mu da haƙora masu ratsin ja-ja ko ruwan ƙasa, ba rashin goge baki ba ne ba kuma goro ba ne, sinadarin fuloraid ne da ke fita daga dutsen yankin ya narke a ruwan rijiya da bohol. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya wuce miligiram 1.5 a lita, in ya wuce yana ɓata haƙoran yara tun suna fitowa, in ya yi yawa sosai shekara da shekaru har ƙashi yake taɓawa. Ba shi da launi ba shi da wari, kuma tafasawa ba ta cire shi, ƙara tattara shi ma take yi. Gwaji kaɗai ke nuna shi.

A cikin gari kuma matsalar masai ce da sokawe. Fili ƙarami, an yanka shi biyu, bohol a nan ramin bayan gida a can taku kaɗan, in ba naka ba na maƙwabcinka ta bayan katanga. Shawarar da aka fi bayarwa a bar tazarar wajen mita 30, wanda a unguwannin cunkoso da wuya a samu, wannan ma wani dalili ne na yin guda ɗaya na haɗaka a wajen da ya dace. Kuma a tabbatar mai haƙa ya zuba siminti ya toshe wuyan ramin daga sama, in ba haka ba ruwan kwata bin jikin kesin yake ya gangara. Taifot da amai da gudawa da muke gani da damina da yawa daga nan ne. Akwai kuma sinadarin naitiret, shi ma daga masai da takin zamani, ya fi haɗari ga jarirai in ana haɗa musu madara da ruwan, iyakarsa miligiram 50 a lita.

Abban Khalifa yashin da ka ce kana gani kar ka raina shi, ka kai ruwan ɗakin gwaji ko na jami'a ko na masu kula da ruwa, a kwalba mai tsabta, a kai shi a ranar da aka ɗiba.

Abban Khalifa, Tumfure

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baffa Allah ya ƙara girma, maganar rizabuwa ta shige ni, zan nemi magini kafin ruwa ya sauka. Maman Hanifa in sha Allah famfon ƙofar gida ba zan cire ba ko da awa ɗaya ne a rana. Na yi wa liman da mai unguwa maganar haɗaka, sun ce a zauna ranar Asabar bayan la'asar. Injiniya abin da na san za a tambaye ni shi ne, a filin wa za a haƙa, kuma in ya lalace wa zai gyara? Don mun ga na haɗaka da yawa da suka mutu a kan wannan.

Mai Injin Haƙa

Awon ƙasa ne zai zaɓi wajen ba son ran wani ba, amma in da hali a sa shi a filin masallaci ko wani fili na jama'a, kar ya zama cikin katangar mutum ɗaya, gobe ya sayar da gida ko magada su raba a shiga rigima. In dole sai filin wani, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu cewa wajen ramin da tankin na jama'a ne. Kuɗin gyara kuma tun ranar farko a fara tarawa duk wata ko lafiyarsa ƙalau, a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a sa mace ɗaya a ciki don su suka fi sanin ranar da ruwa ya yanke. Kowane gida a sa masa mita, mai ja da yawa ya biya da yawa, a ware famfo ɗaya a waje na marasa hali da 'yan ga-ruwa.

Wanda zai haƙa muku ku sa a yarjejeniya sai ya ba ku takarda mai nuna irin ƙasar da ya ratsa mita bayan mita, inda ya sa skirin, da sakamakon gwajin ja na aƙalla awa 24, kafin ku biya shi cikon kuɗinsa. Tsofaffin ramukan da za ku daina amfani da su kuma kar a bar su a buɗe, a cike su da siminti, guda ɗaya kawai za ku bari da murfi mai makulli kuna zura ma'auni duk farkon wata kuna rubutawa. In kun sa ranar awon naka ka sanar da ni a nan, ina da ma'aunin zan aiko yaro da shi.